Takalman Hajiya Sa'adiyya a Kufan Yunanawa

Jiya ina shan shayi a bayan ofis na ji ɗayanku yana cewa rakiyar matafiya ba aiki ba ce, yawo ne ake biyanka. Ba zan kama suna ba, mai abin ya san kansa, ga shi can yana sosa ƙeya. Wai ka hau bas, ka riƙe makirfo, ka karanto abin da waya ta rubuta maka, halas, shi ke nan. To madalla. Ku gyara zama. Bas ɗin Ɗa'ifa ba zai iso ba sai bayan la'asar, ni kuwa an riga an taɓo ni.

Kun san ni da Ammu Usman, wato Baffa Usman. A Sudan aka haife ni, cikin Hausawan bakin Nilu, na sauka Jidda gemuna bai gama fitowa ba. Aikina na fari wankin bas ne a wani gareji a unguwar Waziriyya. Shekara uku ina kwasar ɓawon lemo da ƙwallon dabino daga ƙarƙashin kujeru, kafin kafilina, uban gidan da ya tsaya mini a ƙasar, ya ce in bi Mu'allim Babikir in koyi rakiya. Babikir, Allah Ya jiƙansa, gajeren mutum ne mai ƙaramar murya, ba ya taɓa makirfo sai dole. Amma ya daɗe yana kai alhazai ziyarar rabin yini fiye da daɗewarku a duniya, ba a kuma taɓa cewa ya bar mutum a baya ba.

Fitata ta farko da shi ba na mance ta. Masu umra ne, za mu zaga da su Balad su ga tsoffin gidaje masu tagogin katako, mu kai su bakin teku, mu mayar da su masauki kafin azahar. Da muka zo tashi daga bakin teku ya ce in ƙirga mutane. Na kutsa tsakanin kujeru ina leƙa fuskoki ɗaya bayan ɗaya, har da matan da suka rufe da niƙabi, wai zan gane su ta ido. Ban kai rabi ba wani ƙato ya miƙe ya cafki wuyan rigata.

"Me ka ajiye a fuskar matata?"

Da ƙyar Babikir ya ɓamɓare ni. Da muka sauke su ya ja ni inuwar bas ya ce, "Ya waladi, ɗana, fuskar matar mutane ba taka ba ce. Abaya kuma duk baƙa ce, sai ka ƙirga mace ɗaya sau uku ba ka sani ba. Tsaya a gindin ƙofa ka sauke idonka. Ba mai shiga bas sai ya ɗaga ƙafa, ban kuma taɓa ganin mijin da ya yi kishi don an kalli takalmi ba."

Haka na koyi aikin nan, daga ƙasa. Da safe wurin hawan farko ina riƙe da kashfi, wato takardar sunaye, duk wanda ya taka matakala in haɗa sunansa da takalminsa a kaina. Daga nan har a dawo ba na sake buɗe takarda. Ƙafa tana faɗa maka abin da mai ita ke ɓoyewa. Wanda ke jan ta ya gaji, sai ka zaunar da shi a gaba. Wadda idon sawunta ya kumbura, kada ka bar ta ta yi nisa da bas. Wanda ya sako sabon takalmi kuwa, tanadi filasta, kafin awa biyu zai neme ka. A jakata kullum akwai kashfi, da sanda mai jan ƙyalle da nake ɗagawa a gan ni cikin taro, da dabino saboda masu ciwon suga, da filasta, da silifa biyu na ko-ta-kwana. Ku kuma me ke jakarku? Caja.

Shekara da shekaru ban ɓatar da kowa ba, har ya kai a ofis ana cewa in ka ba Usman tururuwa ɗari zai dawo maka da su cif. Ni ma na yarda da zancen, kaina ya fashe.

Sai shekarar annoba ta zo. Bas-bas ɗinmu suka jeru a garejin Waziriyya, tayoyi suka sace, kyanwoyi suka haihu a kujerun direbobi. Ba alhaji, ba mai umra. Wasu abokan aikinmu suka tattara suka koma gida, wasu iƙamarsu, takardar izinin zama, ta ƙare a hannunsu suna kallo. A shekarar Babikir ya rasu, mu ƙalilan muka yi masa salla. Ni kullum da hantsi nakan je in tada injin kowane bas ya ɗan yi ɗumi don kada batir ya mutu, ba wanda ya sa ni. Da aka buɗe hanya mai kamfani ya ce ba zai ƙara dogara da alhazai kaɗai ba, ya fara kai iyalai hutu ƙasashen waje lokacin zafi. Da haka wata bazara na tsinci kaina a bakin tekun Turkiyya da mutum talatin da biyu a wuyana.

Cikinsu akwai Hajiya Sa'adiyya ta unguwar Ammariyya a Jidda, Bahaushiya, tsohuwa tukuf, sai dai bakinta bai tsufa ba. Ɗanta Abdurrahman ne ya shirya mata tafiyar don ta huta da zafin Jidda, ya haɗa ta da jikarta. A filin jirgi ya riƙe hannuna da hannayensa biyu.

"Ammu Usman, ga uwata. Tana da suga. Ƙafafunta ba sa jin zafi ba sa jin sanyi, ko ƙusa ta taka ba za ta sani ba. Likita ya ce kada ta taka ƙasa ba takalmi, ko da a ɗaki ne. Amana ce na ba ka."

Na ce, "Na karɓa. Ka kwantar da hankalinka."

Ita kuwa ta harare mu ta ce, "Ku ji su. Sai ka ce akuya ake ba da kiwo."

Na dubi ƙafarta kamar yadda na saba. Takalma ne masu faɗi ruwan ƙasa, irin masu laushin nan da likitoci ke rubutawa, da maɗauri a sama. Duk cikin tawagar ba mai irinsu. Na ce a raina wannan kam ko a duhu na gane ta.

Rana ta huɗu tsarinmu fitar rabin yini ce zuwa kufan wani birni da Yunanawan da can suka gina a bakin teku. Awa ɗaya a hanya, biyu a can, ɗaya a dawo, domin direban, wani Baturke mai ƙaton gashin baki, yana da wasu mutanen da zai ɗauka da rana. Da safiyar ranar jikar Hajiya ta tashi da ciwon ciki, ba za ta iya fita ba. Na ce to Hajiya ma ta zauna ta huta.

Ta ce, "Na haye teku don in kalli bangon otal? Yalla, kauce mini."

Na kauce. Muka tashi da mutum talatin da ɗaya.

In gaya muku gaskiya, ni ba na son irin wuraren nan. Mun taso ana ce mana inda mutane suka ƙare ba wurin shaƙatawa ba ne, in hanya ta biyo da kai ka ratsa da sauri. Don haka tun da muka shiga idona na kan agogo da kan ƙafafu. Jagoran wurin, Ustaz Kamal, Baturke ne mai jin Larabci, yana gaba yana bayani, nan kasuwarsu ce, nan wurin wankansu, ni ina baya ina kora. In kun tambaye ni abin da na gani a awa biyun nan, to shimfiɗar farin dutse na gani mai santsi, da wani rami mai tsawo da ƙafar keken doki ta ci a jikinsa, sai takalma. Da rana ta take, dutsen ya ɗauki zafi har ta tafin takalmi kana jin sa. Kamal ya ce saura wuri ɗaya, gidan kallo, a bayan tudu.

Na ce, "Dutse dutse ne, ya ustaz. Halas, mu koma." Na ɗaga jan ƙyalle.

Na tsaya a gindin ƙofa na sauke ido. Mutane sun yi cincirindo, kowa na rububin sanyin mukayyif, na'urar sanyaya bas. Takalman nan ruwan ƙasa suka taka matakala a ƙarƙashin baƙar abaya, na ce a raina alhamdulillahi, Hajiya ta shiga. Can wani ango da ke cikinmu ya iso riƙe da takalman amaryarsa a hannu, masu tsini, ruwan gwal.

Na ce, "Ina mai su?"

Ya ce, "Tana ciki, ya ammi. Sun cinye mata ƙafa."

Na ƙirga ta. Talatin da ɗaya cif. Na bugi jikin bas da tafin hannu, direba ya ja.

Mun yi kamar minti ashirin a hanya na tashi na bi layi ina raba wa masu suga dabino. A can baya na tsaya a kan takalman ruwan ƙasa na ce da Hausa, "Hajiya, ga naki, kada sugar ta faɗi."

Sai na ji wata siririyar murya ta amsa da Larabci, "Ni ce, ya ammi."

Amarya ce.

"Ina mai takalman nan?"

Ta ce nata ne suka sale mata ƙafa har ta zauna a gindin wani ginshiƙi tana kuka. Hajiya ta tarar da ita, ta cire nata ta miƙa mata ta ce, "Sa, 'yar nan, ni ƙafata ba ta jin komai." Hajiya ta ce su yi gaba, za ta biyo a hankali. Ita amarya ta ɗauka Hajiya na kujerun gaba. Angon bai yi mini ƙarya ba, matarsa na ciki. Ni ne na ƙirga takalmi biyu a ƙafar mutum ɗaya. Ga kuma silifa kwance a jakata, ba wanda ya san da su balle ya tambaya.

Na taka zuwa gaba na ɗauki makirfon nan da kuke ganin kamar abin wasa. Na ce, "Jama'a, na bar Hajiya Sa'adiyya a baya. Laifina ne, ba na kowa ba. Za mu juya."

Bas ya ɗauki salati. Direba kuwa ya ƙi, yana buga agogon hannunsa da yatsa yana ta zuba da yarensu. Kamal ya fassara mini, wai a buga wa masu gadin ƙofa su sa ta a tasi. Aka buga. Suka ce ba su ga wata tsohuwa ta fito ba. Wani mutum daga tsakiya ya fara gunagunin abincin rana, mata suka yi masa caa, ya haɗiye sauran. Na tsuguna a matakala kusa da direba na ce wa Kamal, "Gaya masa tsohuwa ce, sa'ar uwarsa, ba takalmi, a kan dutsen can." Kamal ya faɗa. Mutumin ya dube ni, ya ja tsaki, ya juya ƙaton bas ɗin nan a wani lungu da ko ƙaramar mota sai ta yi dabara.

Da muka isa na dira da jakata ina gudu, ni da na manta rabona da gudu. Kamal ya bi ta gefen teku, ni na bi hanyar da muka fito. Na duba kasuwar tasu, na duba wurin wankan, ina ta kwarara kira, "Hajiya! Hajiya Sa'adiyya!" Turawa na juyowa suna kallona. A gindin ginshiƙin da amarya ta kwatanta ba kowa. Amma taku kaɗan daga nan na ga wani ɗan ja a kan farin dutse, kamar an ɗiga lalle. Gaba kaɗan wani. Jini ne, kuma ba ƙofa ya nufa ba, tudu ya nufa. Na bi shi har shimfiɗar ta ƙare, ƙasa ta shanye sawun. A gabana ga wani bakin rami mai duhu da aka gina da manyan duwatsu kamar zaure. Na faɗa ciki, na ɓulla wani fili zagayayye.

A nan ƙarfina ya ƙare. Muryata ta dishe, ko kira ba na iyawa. Na dafa gwiwoyina ina haki, na ce a hankali, ni kaɗai da kaina, "Na shiga uku. Hajiya, ina kika shiga?"

Sai na ji daga sama, can nesa, "Ba ka shiga uku ba, Usman. Ga ni nan."

Na ɗaga kai.

Ya shabab, samari, na ga gine-gine a rayuwata. A idona aka tada dogayen benayen bakin tekun Jidda, da injuna masu wuya kamar raƙuma. Amma ban taɓa tsayawa baki buɗe irin na ranar ba. Kujeru ne na dutse, layi bisa layi, sun zagaye ni sun hau jikin tudun har sama, kamar an raba ƙatuwar ƙwarya biyu an jingina rabin da tsauni. Da za a kwaso mutanen Ammariyya duka a zaunar, da sauran wuri. Ba kowa a ciki sai ƙadangaru. Can a layin ƙarshe, ƙarƙashin wata 'yar bishiya, ga wani baƙin ɗigo yana ɗaga mini hannu. Daga inda nake ko fuskarta ba na gani, ita kuwa ta ji abin da na faɗa a maƙoshi. Na ce Allahu akbar ban san na faɗa ba.

Na kama hawa. Ina ƙirga matakala har lissafi ya ɓace mini. Ina dafa duwatsun ina ganin yadda aka haɗa su, ba siminti, ba laka, amma ko bakin wuƙa ba zai shiga tsakaninsu ba. Ashe ita ta wata 'yar hanya ta bi ta bayan tudu tana neman inuwa, hanyar ta kawo ta ta sama. Na iso gabanta ina numfashi sama-sama, na buɗe baki zan fara faɗa.

Ta ce, "Rufe bakin. Juya."

Na juya. Birnin duka ya shimfiɗu a ƙarƙashinmu. Titin nan da na yi awa biyu ina kallon dutsensa ashe a miƙe yake santal har bakin ruwa, ginshiƙai jere a gefensa suna tsaye ba rufin da za su ɗauka. Ga tushen gidaje ɗaki-ɗaki, kana iya nuna inda ƙofa take da inda murhu yake. Bayansu teku, shuɗi ƙwarai, ba jirgi ko ɗaya. Mutane ne suka yi wannan da hannu, suka kawo ruwa, suka yi ciniki, suka zauna inda muke zaune suna dariya. Yanzu ko wanda zai ce kakana ne babu. Na ji kaina ɗan ƙarami, na kuma ji tsoron Allah ya kama ni.

Hajiya ta ce, "Tun daga can ƙasa nake jin hakinka kamar a kunnena kake. Wane irin mutane ne waɗannan, Usman, da har murya suka gina wa hanya?"

Na ce, "Allah ne Masani, Hajiya."

Ta ce, "A Sawakin aka haife ni, can bakin tekun Sudan, iyayena na jiran jirgin da zai haye da su Jidda. Shekara tara muka yi muna jira. Gidaje na dutsen teku, hawa uku, ina yarinya na ɗauka ba abin da zai taɓa su. Na koma sau ɗaya da girmana na tarar da su a zube, awaki na hawa. Na daɗe ina jin haushi, na ɗauka mu kaɗai aka yi wa haka. Ashe kowa da Sawakin ɗinsa." Ta gyara mayafi. "Na ji kiran tafiyarku, na ga jan ƙyallenka. Na ce bari in ƙara kallo kaɗan. Kaɗan ɗin ce ta yi yawa."

Sai a lokacin na tuna abin da ya kawo ni, na durƙusa na dubi ƙafafunta. Inna lillahi. Fatar tafin ta ƙone ta sale, wata tsakuwa mai kaifi ta shige ƙarƙashin babban yatsan dama, jini ya bushe da ƙura. Ita kuwa tana ta kallon teku tana murmushi.

"Me ka gani?"

"Ba komai, Hajiya."

"Ƙarya kake. Ba ka iya ta ba."

Na wanke da ruwan gora. Filasta ba ta isa ba, na kwance jan ƙyallen sandata na yage shi biyu na ɗaure. Silifan da na ɗauko ba su da amfani, ƙafar ba ta takuwa. Na yi ta kame-kame, daga bisani na ce, "Hajiya, sai dai in goya ki."

Ta ce, "Na yaye wanda ya girme ka. Durƙusa."

Na goya ta muka fara sauka, matakala ɗaya bayan ɗaya. Ba ta da nauyi ko kaɗan, buhun shinkafa ƙarami ya fi ta. Da muka kai filin nan zagayayye ta ɗan daki kafaɗata ta ce in tsaya. Na tsaya. Kamal ya riga ya ɓullo ta hanyar sama, yana tsaye inda muka baro. Hajiya ta ce, a hankali ƙwarai, ni da ke goye da ita da ƙyar na ji, "Subhanallah." Sai ga Kamal can a ƙololuwa ya ɗaga hannu, ya amsa da irinta. Ta yi dariya kamar yarinya ta ce, "To, mu je."

Daga nan asibiti muka wuce, Kamal ya mayar da sauran mutane otal. Ina tsaye a farfajiya na buga wa Abdurrahman waya. Ban ɓoye komai ba, na gaya masa yadda na ƙirga da yadda na bar ta. Ya saurara har na gama. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya kashe wayar.

Muka dawo Jidda ƙafar dama ba ta warke ba. Masu suga kun san yadda miki yake musu. Bayan 'yan makonni likitoci suka yanke babban yatsan da na kusa da shi. Ba ta ƙara tafiya ba sanda ba. Mai kamfani ya so ya sallame ni, ni ma na tattara 'yan komatsaina ina jira, sai ga saƙonta wai duk wanda ya taɓa aikin Usman ba ta yafe ba. Shi ya sa har yau kuke ganina a nan. Shi ya sa kuma in muka fita tare kuke jin ina kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya daga kashfi, ba na matsawa sai mai sunan ya amsa da bakinsa, kuna zumɓura baki wai tsoho na ɓata muku lokaci. Ku yi ta zumɓurawa. Ba za a tada bas ba sai na ji murya.

Da aka sallamo ta na yi kwana uku ina jan ƙafa kafin na iya zuwa gaishe ta. Na sayi lemo da tuffa na nufi Ammariyya bayan la'asar. Abdurrahman ne ya buɗe ƙofa. Na yi sallama ya amsa, na miƙa hannu ya dubi gefe, ya matsa mini hanya. Falon cike yake da mata 'yan dubiya, na tsaya daga bakin labule na sunkuyar da kai. Ina jin muryarta daga ciki tana ta faɗa.

"Yauwa, ga shaidata ta zo! Usman, waɗannan matan sun ce tsufa ne ya kama ni. Wai ba yadda za a yi mutum ya yi raɗa a ƙasa a ji shi a kan dutse. Gaya musu."

Na ce, "Hajiya, gafara na zo nema."

"Wannan ka same ta tun a kan tudu. Ni na cire takalmina, ba kai ka cire mini ba. Gaya musu abin da ka gani."

Na tsaya a bayan labulen nan da ledar lemo a hannu na ba da labari. Na faɗi kujerun, na faɗi titin da ya miƙe har teku, na faɗi duwatsun da wuƙa ba ta shiga tsakaninsu. Cikin matan sai mai cewa ikon Allah, sai mai cewa subhanallah. Hajiya tana ta "Kun ji ko? Kun ji ko?" Abdurrahman kuwa yana jingine da bango a gefena, shi ba labarin yake saurara ba. Ta gefen labulen yake kallon ƙafar uwarsa a kan matashi, naɗe da farin bandeji.

Ta yi shekara biyu bayan nan Allah Ya karɓi abarsa. Na bi gawarta, na tsaya a sahun baya. Har yau nakan haɗu da Abdurrahman a masallacin unguwarsu. In na yi sallama yakan amsa, amma bai ƙara miƙo mini hannu ba. Ban kuma ga laifinsa ba. Uwarsa ya ba ni da yatsu goma, na mayar masa da ita da takwas.